An Gina da Kuɗinmu, An Ce Ba Mu Cancanci Haya Ba

Zuwa ga Shugaban asusun da ke riƙe da fanshonmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni unguwarzoma ce da ta yi aiki a ƙananan asibitocin ƙasar Mai'adua da Mashi har ritaya ta zo. Na rubuto a bainar jama'a ne don na gaji da zaman benci a ƙofar ofishinku.

Ranar da wakilinku ya tara mu a Daura ya ce za a zuba abin da ake cira daga albashinmu a ginin gidajen haya, ni na fara cewa alhamdu lillahi. Dama zuciyata ba ta taɓa kwanciya da kuɗin ruwa ba, haya kuwa halal ce. Ya ce maginanmu za su samu aiki, gari ya motsa. To, an gina su a hanyar Kongolam. Ga abin da na gani.

Na ɗaya. Da aka ce in tashi daga gidan asibiti sabuwar ma'aikaciya ta shiga, na hau acaba na je neman ɗaki da falo, ni da jikokina marayu. Mai kula da gidajen ya ba ni kujera, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, umarni ne, sai mai albashi. Ɗan fansho ba a san ranar da kuɗinsa ke shigowa ba.” Ranka ya daɗe, a hannun wa kuɗin suke makalewa? Ku jinkirta mini haƙƙina, sannan ku hana ni ɗaki saboda jinkirin?

Na biyu. Wanda ya zana gidajen nan bai taɓa kwana a Daura ba. Babu zaure, katanga iya ƙugu. Mace ba ta daka, ba ta shanya, sai duk mai wucewa ya gan ta. Wani malamin makaranta ya kama ɗaya, matarsa ta leƙa sau ɗaya ta ce wallahi ba ta zama a titi. Yanzu yawancin gidajen a kulle suke, ciyawa ta kai taga, ana kuma ce mana suna kawo riba.

Na uku. Mijin ƙanwata bulo yake bugawa. Da ya ji alkawarinku ya tara yashi, ya ƙara ma'aikata. Sai ga tirela da bulo da leburori daga wani gari. Abin da Daura ta samu bai wuce cinikin mai shayi ba.

Yau muna kwana a ɗakin ajiyar hatsi na gidan ƙanena, a gefen buhunan gero. Bai taɓa nuna mini gajiya ba, amma shi ma 'ya'yansa sun girma.

Roƙona: a soke sharaɗin albashi ga waɗanda kuɗinsu ya yi ginin, a riƙa cire hayar daga fanshon in tsoro kuke ji. A ɗaga katangu, a ba maginan gari aikin. Kafin a sake aza harsashin gini a Mashi ko wani wuri, a tambayi matan da za su zauna a ciki.

Allah ya ba ka ikon sauke amana, ya sa ka gama lafiya. In taka ritayar ta zo, Allah ya sa kada a tambaye ka takardar albashi.

Wassalam.

Hajara, tsohuwar unguwarzoma, Daura.