Haƙorin da Na Bari a Fadar Turawa

Yaya Umar,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, ya yara? Ni lafiya lau, haƙori ɗaya kawai na rasa. Kada Inna ta ji.

Ranar Asabar makaranta ta kai mu wata tsohuwar fadar sarakunan Ingila, ganuwarta duk dutse. Muna shiga fili na ga ƙarti biyu cikin sulke suna saran juna. Ɗaya ya faɗi, ɗayan ya take masa wuya, ya ɗaga gatari. Mutane sun fi ɗari, suna ta ɗaukar hoto!

Wallahi ban san sanda na tsallake igiyar da aka kewaye su da ita ba. Na rungume mai gatarin ina ihu, ƙotar ta same ni a baki, jini ya wanke min riga. Ashe wasa ake yi wa baƙi. Har tafi aka yi min.

Abokaina har yau dariya suke. Ban gaya musu yadda aka sassare Yaya Sabitu a unguwar Tirwun ba, jama'a na tsaye suna kallo, har da ni.

Allah ya jiƙansa. In ka je kabarinsa ranar Juma'a, ka ce masa wannan karon na shiga.

Ƙaninka,
Abdulmuhaimin