Gafakar Baba

Ƙanena Manzo,

Ka gafarce ni, na dame ka ana tsakiyar girbi. Ya Asibi da yara? Ni lafiya lau a Yamai, hannun ma ya lafa, ina taɓa wanki.

Baturen da nake wa aiki yana tara tsoffin littattafai da takubba da ganguna don wata babbar makarantar ƙasarsu. A akwati ɗaya yake zuba su, har Alƙur'ani, ba alwala. Ya tambaye ni ko gidanmu akwai, na kasa ƙarya. Tafintansa ya kamo hanyar garinmu Ollelewa don neman littattafan Baba.

Kai ma kada ka yi ƙarya. Ka kai wa Malam Ila gafakar littattafan Baba aro, in an tambaya ka ce ba ta gidan.

Allah ya tsare. Don Allah ka amsa mini da wuri.

Yayarka Balki