Kabad ɗin da Ya Fi Ƙofa

Zuwa ga sanyin idona, ruwan farkon damina a kan busasshiyar gonata, inuwar da nake gudu zuwa gare ta idan rana ta take, matata abar alfaharina, wadda ta tafi da rabin numfashina a jakar hannunta, ta bar ni da sauran rabin da tukwane goma sha ɗaya.

Yau kwana arba'in da ɗaya ke nan da asibiti ya ɗauke ki ya mayar da ke wancan birni, tafiyar kwana biyu a babbar mota. Kwana arba'in da ɗaya! Kurciyar da aka raba da abokiyar zamanta takan sami reshe ta zauna ta yi kukanta, ni kuwa ko wurin zaman ban samu ba, domin kujerunmu duk na ɗaure su da igiya. A kan kwalin faranti nake rubuto miki wannan. Ki karanta a zaune, farin watana, akwai labari, kuma ba dukansa ne zai yi miki daɗi ba.

Ranar tafiyarki kin danƙa mini ambulan da takarda. A ambulan akwai dubu ɗari biyar, tarinmu na shekara biyu. A takardar kin ja layi uku da rubutunki mai kama da sawun tsuntsu a bakin rafi: abin ɗauka, abin sayarwa, abin bari. Kika ce ni malamin lissafi ne, shekara goma sha huɗu ina koya wa 'ya'yan mutane rabawa, raba gida ɗaya kashi uku ba zai gagare ni ba. Na bugi ƙirji. Kaicon wannan ƙirji!

Da farko komai ya tafi sumul, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na ware dubu ɗari uku da ashirin na motar kaya, hamsin na kwalaye da igiya da masu ɗauko, arba'in kuɗin motata ni kaina, casa'in na ko-ta-kwana. Na ja layi biyu a ƙarƙashi da jan biro, na ba kaina goma bisa goma.

Direbobi uku na kira. Na farko ya leƙa falo, ya tambaye ni ko makaranta ce za ta tashi, ya fita bai waiwayo ba. Na biyu ya ce shi da nauyi yake ciniki, sai na aro sikelin mai sayar da ƙarafa na wuni ina auna rayuwarmu, tun daga firiji har ludayi. Daga ƙarshe na hau ni ma, na tarar kilo shida ya zube daga jikina tun tafiyarki. Wannan ne kaɗai ragin da aka yi mana a ƙaurar nan, kuma ke kika samo mana shi. Na uku, wani dattijo da ake kira Ba-Gaggawa, shi ya yarda da kuɗinmu, bisa sharaɗin mu raba bayan motar da wani mai kai katifu. Ranar Alhamis zai tashi.

Sai ranar sayarwa ta zo. Na fito da kayan layi na biyu ƙofar gida, na kira dillali. Ya ɗaga butar shayinmu mai lanƙwasasshen hanci, ya yi tayi. Amma yaya zan sallama butar da kika ƙone yatsa a kanta na hura miki har shayin ya huce? Na ƙara kuɗi. Ya yarda. Na sake ƙarawa. Ya ajiye ta, ya ce shekara talatin yana dillanci bai taɓa ganin mai kaya yana gudun ciniki ba. Teburin guga kaɗai ya iya ƙwata a hannuna. Bai kai bakin titi ba na tuna yadda kike waƙa ƙasa-ƙasa kina goge farar rigarki ta aiki, na bi shi a guje, ya ce yanzu kayansa ne, kuma kaya sun yi tsada. Na fanso shi, na haɗa da wata fanka da na gani a kurarsa, saboda ƙararta irin ta tamu ce. Dubu goma sha biyar suka tafi. An fita sayarwa, kaya sun ƙaru da ɗaya.

Duk wannan somin taɓi ne, ya zinariyata. Babban labarin na layi na uku ne, inda kika rubuta abu ɗaya tak: kabad ɗin Baba, a bar wa mai gidan haya.

Kin ɗauka ban lura ba? Biro ya huda takardar a daidai wurin. Ke da kike ɗinke rauni a tsanake, layi ɗaya ya sa kika danne biro haka. Marigayi mahaifinki, Allah ya jiƙansa, a cikin ɗakin nan ya haɗa kabad ɗin a makon da muka tare, ya shigo da katako ɗaya bayan ɗaya, kwana biyar yana fiƙa yana gogewa, bai bar kowa ya riƙe masa ko guduma ba. Kin tuna daminarmu ta farko, da rufin ya yi yoyo wata ranar Asabar da hantsi, har ruwa ya sami gado da tabarma? Wuri ɗaya ne busasshe a gidan. Muka ture kayan sawa gefe, muka shige ciki muka zauna ƙafa a waje, kofi ɗaya a tsakaninmu, ƙamshin sabon katako ya cika mana hanci. Kika yi dariya har kanki ya bugi sandar rataye. A ranar na san ko gidan sama aka ba ni ba tare da ke ba, kango aka ba ni. Wannan ne zan bar wa mai gida ya zuba tsofaffin rasit a ciki?

Kabad ɗin kuwa ya fi ƙofar ɗaki faɗi. Mun juya shi ta gefe, mun kwantar da shi, mun karkata shi, mutum shida suna nishi, ƙofa ta ce ba da ita ba. Kafintan da na ɗauko ya shafa shi sama da ƙasa, ya ce babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, katako ne ke riƙe da katako, wanda duk ya ce zai kwance shi itacen girki zai miƙo mini. Ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce ganin aikin ya ishe shi.

Kafin in yanke shawara na yi abin da mai hankali zai yi. Kin ce mini a waya faɗin ƙofar sabon gidanmu tsawon takalminki huɗu ne, tunda ba ki da abin awo. Na lalubo takalmi ɗaya a ƙarƙashin gado, na sumbace shi, na auna zurfin kabad: uku da rabi. Zai shiga can! Sai na nufi wurin mai gida.

Ya saurare ni yana sosa gemu, sa'an nan ya ce ba ya hana a fasa bango ta wajen taga, amma in an tashi mayarwa a sa masa taga babba mai gilashi, dama ya daɗe yana sha'awarta. Magini ya ci dubu saba'in, taga ta ci arba'in da biyar. Ki haɗa da sha biyar na dillali, ɗari da talatin ke nan cif, wato na ko-ta-kwana da kuɗin motata sun tafi tare, ko canji babu. Ko a aji ban taɓa samun lissafin da ya fita daidai haka ba, kuma ban taɓa samun wanda ya tsiyata ni irinsa ba.

Jiya aka fasa bangon. Unguwa ta taru, mai shago ya rufe shagonsa, mata suka fito da kujeru. Kabad ya fito ta bango a kafaɗun mutum shida, a hankali, da alfarma, kamar giwa za ta ƙetare kogi. Ina cikin karɓar barka sai ga ƙanwarki Auta. Ta hango takalmin a aljihuna, ta zare shi, ta ce shekara guda tana nemansa, nata ne. Hasken raina, kin san ƙafar Auta. Kin san a gidanku ana cewa in ta taka kududdufi sai ya ƙafe. Uku da rabi nata, nawa ne naki? Na yi lissafin a bayan kwali sau uku, kowane karo gumi ya fi na baya. Kuma takalmin Auta na sumbata, wannan ma ki yafe mini.

Batun zuwana kuwa, kujerar gaba mai katifu ya kama. Ba-Gaggawa ya dube ni ya ce yana da gurbi ɗaya: mai dira da gungumen katako ya tokare taya duk inda motar ta tsaya a hawa, domin birkinta yana da ra'ayin kansa. Na karɓa. Ya ce hawa goma sha bakwai ne a hanyar. Sau goma sha bakwai mijinki zai dira da gungume a ƙirji, kowace dira kuwa sunanki zan kira. Kogi ma ba ya zuwa teku sai ya sha duwatsu, balle ni da nake zuwa wurinki.

Na kwana ina shirya yadda zan ba ki haƙuri. Sai yau da safe Inna ta zo ganin ɓarnar da surukinta ya yi. Ta karɓi tsumma ta zagaya bayan kabad, gefen da ya jingina da bango shekara tara ba wanda ya taɓa gani, ta fara share yanar gizo. Can sai ta leƙo. Ta kira ni da hannu.

Rubutun Baba ne, da fensirin kafinta. Ya zana ƙofar ɗakinmu ya sa awonta. Ya zana kabad ya sa nasa. Ya ɗebe wannan daga wancan, ba kuskure ko ɗaya. A ƙasa kuma ya rubuta: "Ya fi ƙofa da inci huɗu. Madalla. Ba inda za ta je."

Inna ta zauna a kan bulo tana dariya, hawaye na sauka a mayafinta. Ta ce tun kina rarrafe yake tsoron ranar da za ki yi nisa da shi, kuma tun yana saurayi ba ya iya faɗin abu da baki, sai dai ya sassaƙa. Da ta share ido ta dubi ramin bangon, ta dube ni, ta ce, "Ɗana, ya yi lissafin ƙofa, bai yi lissafin mahaukacin da ya ba 'yarsa ba."

Ban taɓa samun yabo mai daɗin wannan ba.

To ga roƙona, ya tauraruwar da nake bi. Ki nemi abin awo na gaske ki auna ƙofar nan. In ta yi kaɗan, ki je wurin sabon mai gidanmu da fara'arki mai narkar da dutse, ki gaishe shi da kyau, ki tambayi iyalinsa, sa'an nan ki bi da shi a hankali ki ji ko yana da sha'awar babbar taga. Faɗan da za ki yi mini kuwa ki adana shi, kada ki rage ko kalma, na fi son in sha shi a gabanki ina kallon yadda girarki ta hagu ke tashi.

Zan iso ranar Asabar in Allah ya yarda, aljihu wayam, gwiwa a goge, ina ɗauke da rubutun mahaifinki a bayan mota. Shi ya so ya riƙe ki a wuri ɗaya. Ni ban iya riƙe ki ba, kuma ba na so, bin ki kawai na iya, kuma shi zan yi ta yi muddin ina da ƙafa.

Naki jiya da yau, naki har numfashi ya ƙare,
Mijinki, malamin lissafi.