Mijinta ya ce garinmu ba wurin haihuwa ba ne

Anti Aziza, don girman Allah ki ba ni shawara, abin ya tsaya mini a wuya.

Ni mai sayar da bandar kifi ce a Haɗeja, na yi sakandare har aji uku, ba a sayar mini da tarwaɗar jiya a ce ta yau ce. 'Yata guda ce, Shamsiyya. Mijinta Usaini malamin jami'a ne a Afirka ta Kudu, can suke zaune. Yanzu tana da cikin fari. Kin san al'ada, gida za ta zo ta haihu, in yi mata wanka har ta yi arba'in. Na sa an shafe ɗakinta, na tanadi itace da kanwa da gero, har tukunyar da uwata ta dafa mini ruwan jego a ciki na fito da ita na wanke.

Sai ga Usaini a waya, cikin ladabi kamar mai neman rangwame, wai hankalinsa bai kwanta ba. Wai duk sanda ya buɗe labarai, Arewa ce: an sace, an harbe, ruwa ya ci gari. Na ce masa dajin da ake nunawa, ni da na tsufa a nan ban san hanyarsa ba. Ruwa kuwa gaskiya ne, ya taɓa shigo mana, mun kwana kan jinga muna tare shi da buhunan ƙasa. Amma masu kyamara sun zo ranar da ya hau, ba wanda ya dawo ranar da ya janye. Har yau hoton nan ake maimaitawa, na Kolo maƙwabcinmu cikin kwalekwale da akuya a kafaɗa. Akuyar nan an daɗe da cinye ta, Anti, amma a idon surukina har yanzu tana kan ruwa.

Ya ce to ni in je can wurinsu. In je ina? Ina gani a wayata yadda ake ƙona shagunan baƙi a ƙasar. Shamsiyya ta rantse garinsu tumaki sun fi mutane yawa, amma yarinya ce, za ta ɓoye mini.

Da yamma in shinkafa ta yi kore a fadama, tsuntsaye suna sauka, sai in tuna ta tana ƙarama tana bina bakin kogi riƙe da gefen zanina. Ina son in ji ɗumin jikana a hannuna, ba ta gilashin waya ba. In matsa mata ta bijire wa miji ne, ko in mayar da tukunya ɗaki?

Mai kifi, Haɗeja

Yaya Mai kifi, kada ki mayar da tukunya tukuna, kada kuma ki tura 'yarki faɗa da mijinta da tsohon ciki.

Ke 'yar kasuwa ce, kin san wanda ake ɗorawa a saman faranti: kifin da zai tsayar da mai wucewa. Haka gidajen labarai suke. Yawanci ba ƙarya suke yi ba, zaɓe suke yi. Gari ya kwana lafiya ba ya tsayar da kowa. Usaini saman farantin Arewa ya gani. Ki yi haƙuri in ce ke ma na ƙasarsu kika gani, kika ƙaryata 'yarki da ke zaune a ciki, kamar yadda shi ya ƙi gaskata ki.

Tsoronsa ba raini ba ne, kuma ba duka ne banza ba. Akwai hanyoyin da ba a bi, akwai damina mai hatsari. Don haka daina ce masa ba komai. Zai fi yarda da ke in kin faɗi inda matsalar take da inda ba ta. Ki gaya masa watan haihuwar ya faɗa rani ne ko damina, wane asibiti za ta je, wace likita za ta duba ta, wa zai ɗauko ta daga filin jirgin Kano da rana. Ki sa yaro ya riƙa ɗaukar masa hoton kasuwa da unguwa a ranar da ba abin da ya faru. Ki tura masa hoton Kolo a tsaye kan busasshiyar ƙasa. Ki yi da wuri, don in ciki ya tsufa ba a barin mace ta hau jirgi.

In duk da haka ya ƙi, ki karɓi gayyatarsa, ki fara neman biza tun yau. Ki yi wa Shamsiyya irin tambayoyin da kike so a yi miki, ki kuma yarda da amsarta. Kanwa da gero suna shiga jaka. 'Yarki ba ta kewar kogin Haɗeja kamar yadda take kewar hannunki a bayanta, shi kuwa duk inda kika je yana tare da ke.

Allah ya sauke ta lafiya, ya sa ke ce za ki fara yi wa jikan nan wanka.