Tayi Sau Ɗaya

Stratford, London
6 ga Oktoba

Zuwa ga Maman Haggai,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da Haggai da Damaris. Yaya ƙafar Mama? Yaya sanyin Bukuru? Ni ƙalau nake, aikin tura marasa lafiya a kan keke a asibitin Whitechapel yana tafiya daidai.

Na rubuto ne don abin da bakina ke kasa faɗa a waya. Wata tara ke nan ban ci abinci tare da kowa ba. Daga aiki sai tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, daga tube sai ɗaki, ni da tukunya. Ni da na yi shekara goma sha ɗaya ina hedimasta, gidanmu ba ya rabuwa da baƙi!

Ga abin da ya ƙona mini rai. Duk Juma'a da yamma abokan aikina sukan je wani pub su sha giya, su ci fiza, wani faffaɗan burodi mai cuku da tumatir. Terry, Baturen da ke shugabantarmu, ya yi mini tayi. Na ce a'a, na gode, yadda duk ɗan mutunci zai yi, ina jira ya sake. Kin san me ya yi? Ya ɗauki jakarsa ya wuce! Alhali har na riga na sa kwat ɗina. Sau uku ana haka. Juma'ar nan kuwa ko kallona ba a yi ba.

Mutanen nan ba su da kara, Maman Haggai. Ki dakata da maganar takardunku na zuwa. In Kirsimeti ta same ni a haka, tattarawa zan yi in dawo, kowa ya faɗi abin da zai faɗa. Kaɗaici ya ishe ni.

A gaishe da Mama da mutanen coci.

Naki,
Davou

Stratford, London
10 ga Nuwamba

Maman Haggai tawa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya gida, yaya yaran? Na ji faɗan da kika yi mini a waya, na kuma karɓa.

To, ashe ni ne da laifi. Akwai Abdul-Hafiz, mutumin zangon Kumasi, tare muke aiki. Da na kai masa ƙorafina lokacin break, dariya ya yi har da hawaye. Wai a nan sau ɗaya ake tayi, kuma in ka ce a'a, an ɗauka a'a ɗin kake nufi. Su Terry sun zaci girman kai ne, ko cocinmu ya hana. Ya ce magani ɗaya ne, in je da bakina in ce ina so.

Haba! Mutum mai shekara arba'in da shida ya roƙi a tafi da shi cin abinci? Kwana uku ina juya maganar. Ranar Juma'a na tsaya gaban Terry, gumi na keto mini cikin wannan sanyi, na ce zan bi su. Bai ma yi mamaki ba, ƙofa kawai ya riƙe mini.

Mu biyar ne. Abdul-Hafiz da wata abokiyar aikinmu Memunatu ba sa shan giya, maltina suka sha, an kuma kawo fiza marar naman alade don kowa ya ci. Aka buɗe kwalin fizar a tsakiyar tebur, kowa ya sa hannu, ba cokali ba faranti. Sai na ga ai irin cin gida ne. Giyar ba ta kai ta Jos sanyi ba, fizar kuma tana roƙon yaji, amma na ba su labarin akuyar da ta shiga ajin jarrabawa, Terry ya yi dariya har ya ƙware. Da aka miƙo mini yanki na ƙarshe bakina ya soma a'a, sai na danne shi na karɓa. Ki yi alfahari da mijinki.

Amma babban labarin shi ne na shekaranjiya Juma'a. An tsayar da ni da wata tsohuwa da za a kai hoto, na makara kusan awa guda. Na tafi pub ɗin ne kawai don in ba da haƙuri, na san an gama. Ina shiga na tarar da kwalin a rufe, ga kujera an ajiye, ga kofina. Memunatu tana ta mitar yunwa, amma ita ce ta dafe murfin da hannunta. A London, inda kowa ke gudu, mutum huɗu sun bar abinci ya huce saboda ni. Na zauna, na ce musu sanyi ne ya sa idona ruwa.

Ban taɓa cin abu mai sanyi da daɗi haka ba. Ki ɗauko takardun nan ki ci gaba. Ba zan dawo ba, ku ne za ku zo.

Ki shafa mini kan yaran. Ubangiji ya kiyaye ku.

Mijinki,
Davou