Kwanon Kawu Bukar

Assalamu alaikum, Yaya Habu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya Anti Binta da yara? Yaya zaman Fatakwal a wannan lokaci na korona? Mu nan Potiskum sai godiya, amma raina a jagule yake.

Jami'an lafiya sun zo gidan burodinmu. Sun ce dole kowane ma'aikaci ya sa takunkumi, a daina cin abinci a tire ɗaya, wanda kuma ya fara tari a killace shi a gida. Sai ga Kawu Bukar da tari, shi da yake kwaɓa mana fulawa tun Baba yana da rai.

Da aka kawo tuwon rana, na zuba masa nasa a kwano daban, na ce in ya gama ya je gida ya huta. Ya dubi kwanon, ya dube ni, ya ce, "Sani, ni na yi maka huɗuba ranar da aka haife ka. Yau ni kake ƙyama?" Ko loma bai kai ba ya tafi garinsu, Gadaka.

An gwada shi, mura ce kawai. Na je har can ban haƙuri, ya aiko a ce mini yana killace.

Don Allah, Yaya, ka kira shi, yana jin maganarka. Ka sa mu a addu'a, ka gaishe da kowa. Kwanon nan yana inda ya bar shi, na kasa ɗaukewa.

Ƙaninka,
Sani