Ƙahon Awon Albarushinka

Da sunan Allah. Daga mahaifiyarka zuwa ga ɗana Mati, wanda ciwon kurkunu ya tsare a Tibiri. Gaisuwa mai yawa da sa albarka.

Bayan haka, matarka Hassi lafiya lau, goyonta ya fara rarrafe. Kakarka tana fama da tari amma tana shan fura. Idon Gado maƙeri ya ƙara dushewa. Yayanka lafiyarsa ƙalau, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san sai da furfura ta fito mini matar liman ta koya mini haɗa baƙi.

Zaki ya shigo kwarin Tarka. Ya kashe shanun Fulani biyu, shekaranjiya ya kayar da karsanarmu a bakin rijiya. Sarkin baka, shugaban maharba, ya sa ranar fita farautarsa: Juma'ar farko bayan tsayuwar wata. Bindigarka ce kaɗai ake dogara da ita a garin nan, kai kuwa ba ka nan. Yayanka ya ce shi zai ɗauka.

Ɗana, ka tafi da ƙahon awonka. Na zazzage burgamin farautarka, na duba cikin rufewar hatsi, babu. Hassi ta ce yana wuyanka tare da layunka.

Ina tuna ranin da Gado ya ƙera maka bindigar nan. Sau uku ka mayar masa da ƙotar, har ta zauna a kafaɗarka yadda kake so. Da ka karɓe ta mutane suka zaci washegari za su ci naman barewa. Sai da ka yi wata biyu ba ka harbi ko zomo ba.

Kullum da hantsi kana bayan gari, ka jingina sakaina a jikin suri, ka ƙirga taki sittin. Ka harba, ka je ka duba, ka shafa gawayi a inda harsashin ya faɗa. Sannan ka zauna ka kankare bakin ƙahon barewar nan da wuƙa, kaɗan kaɗan, ka sake aunawa. Ka narka dalma a tsohon kaskona, duk harsashin da ya fito da rami ka mayar da shi wuta. Ko gawayin albarushin ka ce sai na tumfafiya. Har zanena na saƙi ka yayyaga, wai kaurinsa ne daidai da naɗe harsashi. Na yi faɗa ranar, yau kuwa da ka nema da na ba ka na biyu.

Maharba suka yi ta dariya, suna kiran sunan mahaifinku, wai ɗan Sanda ya koma farautar sakaina. Su da yatsa suke awo tun kakanni: a ɗura albarushi, a zura sandar ɗuri, a ɗora yatsa huɗu a kan abin da ya rage waje. Kai ka ce, "Inna, yatsa na mai shi ne, ƙaho kuwa na bindiga ne." Ranar da ka fasa sakaina biyar a jere, sarkin baka da kansa ya je ya tsince gutsattsarin yana jujjuyawa. Ni ina tsaye da tulu a ka, ban san ruwan ya jiƙa mini baya ba.

Yanzu yayanka ya ce yatsa huɗu zai sa, yadda mahaifinku ke yi. Ka san hannunsa, yatsunsa huɗu sun kai shidan naka. Albarushin da ka daka ya fi na da ƙarfi, kai ka faɗa mini. Kuma ni na wanke hannun mahaifinku ranar da bindigarsa ta tsage. Da yatsa huɗun ya auna, da uku ya dawo gida.

Na yi masa magana, ya ce aikin maza ne. Ɗan fari ne, ba na iya ja da shi a gaban mutane. Sai na cire ƙanƙarar bindigar, wadda ke ba da wuta, na ɓoye. Yana ta nema, yana zargin Hassi, ita kuwa ba ta san komai ba. Allah ya yafe mini. Gado yana da wata ƙanƙarar, na roƙe shi ya ce ta ɓata, ya ce zai iya riƙe ƙaryar har ranar Alhamis, ba zai wuce nan ba.

Mai kawo maka takardar nan Buzu ne amintacce, zai juyo da raƙuminsa bayan kwana biyu. Ka cire ƙahon ka ba shi. Ka sa a rubuto mini ƙaho nawa ake zubawa, da irin harsashin da ya dace da zaki. Zan karanta wa yayanka da bakina. Maganarka zai ji, ko da bai nuna ba.

Allah ya fitar maka da kurkunun nan ba tare da ya tsinke ba. Allah ya tsare hannunka da idonka, ya dawo mini da yayanka da yatsunsa goma. Amin.

Ka sa amsarka ta iso kafin Alhamis, Mati. Ƙanƙarar tana cikin tukunyar daddawata, ba zan fito da ita ba sai na riƙe ƙahon nan a hannuna.

Mahaifiyarka, da hannunta.